Kashi Ɗaya Cikin Uku

Saura kwana biyu jarabawa na tuna na bar littafin rubutuna a ɗakin gwaji na wurin aikinmu. Rana ta yi ja, an kusa kiran magariba. Matata ta ce, "Injiniya, ka bari sai da safe mana." Injiniya take ce mini in za ta tsokane ni, don ta san takardar ce ban samu ba. Sau biyu ina zana jarabawar nan ina faɗuwa, kuma duk a wuri ɗaya, darasin ingancin sadarwa. Oga ya riga ya gaya mini, in na sake faɗuwa wani zai ba kujerar injiniya, ni kuwa in ci gaba da rarrafe cikin silin ina jan kebul har furfura ta cim mini. Zama ya gagare ni, na zura takalmi.

Darasin ba shi da wuya a baki. Hanya ƙarama ce, saƙonni sun yi yawa, dole a yi layi. Murya ba ta jure jira, in ta makara sai magana ta riƙa yankewa, don haka akan yi mata alama a ba ta layin gaba, sauran su dakata. Mako uku na yi ina gina wannan a kan tsofaffin na'urorin da kamfani ya jibge a ɗakin ƙasa, da wayoyin tebur guda biyu na gwaji. Ranar ce abin ya fara aiki. Don ɗoki na bar layin gaba ba iyaka, na kuma saita na'urar ta yarda da alamar duk wanda ya zo. Malaminmu ya sha hana mu haka. Na ce ai gwaji ne, wa zai shigo?

Na tarar da maigadi yana alwala a bakin ƙofa.

"Ƙasa za ka yanzu?"

"Minti biyar ne, Baba."

Ya dube ni, ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

Ɗakin yana warin ƙura mai zafi da tsohuwar roba. Fankokin na'urori suna ta huci, ƙananan fitilu kore suna ƙyaftawa. Ga littafin nan a kan tebur. Na ɗauka, na juya zan fita.

Wayar gwaji ta yi ƙara.

Wayoyin nan biyu junansu kawai suke iya kira, ba su da hanyar waje. Ta biyun kuwa ga ta gabana, ba wanda ya taɓa ta. Na duba na'urar. Fitilar kafar kebul ta ashirin da huɗu tana ƙyaftawa da sauri, alhali babu kebul a cikinta. Na sa yatsa a bakin ramin, na ji sanyi har gwiwar hannu.

Da ina da hankali da na fita. Amma mai jarabawa a kansa ba shi da hankali, so nake in san daga ina kiran ya fito. Na ɗaga.

Numfashi na fara ji. Ba na mutum ɗaya ba. Sai wata murya ta yi magana a hankali, tas da ita, babu yankewa, irin muryar da na yi mako uku ina nema.

"Sannu da aiki. Ka ba mu gaba."

"Wa ke magana?"

Bakina ya motsa, amma sai da na rufe shi na ji tambayar ta fito.

"Mun daɗe a layi," in ji muryar. "Akwai na bayana."

Na saki kan wayar. Na ga ya bugi tebur, ƙarar ta zo daga baya. Hucin fankoki ya fara kakkatsewa. Kiran sallar da ke shigowa ta ƙaramar taga ya tsaya a tsakiyar kalma, ya daɗe, sannan ya ci gaba. A allon kwamfuta layin gaba ya cinye hanyar duka, sauran layuka sun cika suna zubar da saƙonni.

Wani wari ya cika ɗakin, na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Na ja numfashi, bai zo ba.

Sai da idona ya fara duhu ya iso.

Filogin wuta yana daf da ƙafata. Fizga ɗaya, komai ya mutu. Na kama shi. Sai na tuna ban adana aikin ba, ban kuma kwafe shi a littafi ba. In wuta ta ɗauke, mako uku sun tafi, kujerar ma ta tafi.

Na saki filogin. Har yau ina jin kunyar wannan.

Na buga umarnin adanawa. Na'urar ta ƙi, aiki ya yi mata yawa. Sai an rage cunkoso.

Wani abu ya tsaya a bayana. Kujerar da ke gefena ta yi ƙara, kamar an zauna.

Rufe kafar umarni ɗaya ne, ɗan koyo ma ya sani. Amma hannuna abin da na haddace don jarabawa ya bi. Littafi ya ce ba a hana layin gaba, iyaka ake sa masa, kashi ɗaya cikin uku.

Na buga. Haruffan suna fitowa ɗaya, sai a jima, ɗaya.

Iska ta faɗo ƙirjina. Fankoki suka daidaita. Na adana aikin, na kwafe shi.

Daga kan wayar da ke lilo a gefen tebur muryar ta ce, "Ɗaya cikin uku. Mun karɓa."

Na fizge filogin, na haye matakala ina tuntuɓe, addu'a tana fita bakina a guntu-guntu. Maigadi na kan sallaya. Da ya sallame ya ce, "Kai da wa kuka fito?"

Ban waiwaya ba.

Washegari da rana tsaka na koma na goge saitin duka, na toshe kafar. Jarabawa kuwa na ci, har tambayar iyakar layin gaba ta fito, na amsa ta daidai. Oga ya ba ni kujerar, matata ta daina dariya in ta ce Injiniya.

Sai dai tun daga nan yinina ba ya cika, kashi ɗaya cikin uku ba nawa ba ne. Akan tuna mini maganar da na yi a taro, ko alkawarin da na ɗauka, ni kuwa ban san lokacin ba. Nakan ga kaina a bakin ƙofar gida, ban tuna hanyar da na biyo ba. Ba na iya zama wuri ɗaya, tsoro nake ji.

Jiya muna cin abinci matata ta ce, "Baƙin nan da ka ce in gyara musu ɗaki, su nawa ne?"

Ban san na faɗi haka ba. Na buɗe baki in ce mata kada ta gyara, kada ta buɗe wa kowa ƙofa. Muryata ta riga ni.

"Suna da yawa."