Wayar da Ba Wanda Yake So

Ƙarfe biyu da rabi na rana, Sufeto yana zaune a ofis yana zagin wayarsa. Da safe ya cire ta daga caji a cike, ga shi ko la'asar ba ta yi ba ta koma kashi tara cikin ɗari, ta kuma yi zafi kamar dutsen guga. Wata uku ke nan tana yi masa wannan wulaƙanci. Ya riga ya rantse wa matarsa cewa ƙarshen wata zai bar kamfanin nan mai tambarin barewa har abada, ya koma mai tambarin zaki kamar yadda kowa ya yi.

Yana cikin haka Sajan ya shigo da wata mata sanye da farar rigar aiki. Ita ce mai shagon magani na layin da ke bayan caji ofis. Ta ce an sace mata waya.

"Wace iri?"

"Mai barewa, ranka ya daɗe."

Sufeto ya dubi tasa ya ja tsaki. "Ai ɓarawon nan taimakon ki ya yi, baiwar Allah."

Sajan ya ƙyalƙyale da dariya. Matar ba ta ko murmusa ba. Ta ce ita ma ta tsani wayar, domin sai mai ciwo ya kira ta tana mutuwa a hannunta, har ta gaji ta sayi mai zaki wata biyu da suka wuce. Amma mijinta ya rasu a hatsarin mota wata takwas baya, kuma saƙon muryar da ya aiko mata a safiyar ranar yana cikin tsohuwar. Ya ƙi komawa sabuwar. Ta yi ta cewa gobe za ta kunna shi ta ɗauka da ɗayar, har ranar da tsohuwar ta fara mutuwa da zarar an taɓa saƙon. 'Yarsu mai shekara shida kullum sai ta tambaya yaushe za ta sake jin Abbanta.

"Jiya da yamma bayanta ya kumbura," in ji ta. "Gobe nake shirin kai ta ofishin kamfanin da kansa su ciro mini muryar. Yau na fita ɗauko yarinya daga makaranta, na dawo babu ita."

Sufeto ya ji kunya ta kama shi har wuya, kuma da ma ya cancanta. Ya harari Sajan, kamar ba shi ne ya fara barkwancin ba, ya ɗauki hularsa.

Shagon ƙarami ne, mai tsabta, ga kanta mai gilashi, ga kwalaye jere har rufi. A bayan kanta akwai wani ɗan tebur kusa da soket. Nan ta jona tsohuwar wayar tun safe, don ta samu ɗan abin da za ta tashi da shi gobe.

Sufeto ya tsaya yana kallon teburin. Sabuwar wayar, mai zaki, mai tsada, tana nan kwance a kai, ba wanda ya taɓa ta. An kashe soket ɗin. An kuma naɗe igiyar caja zagaye-zagaye, an soke bakinta a tsakiya, an ajiye a gefe.

"Ke kika naɗe wannan?"

"Ni ko ɗankwalina ban iya naɗewa haka ba."

"Wa kika bari a shagon?"

Ta nuna ƙanwarta, wadda suke kira Auta, budurwa ce mai kimanin shekara ashirin da biyu, tana tsaye jikin kwalaye tana wasa da zoben hannunta. Auta ta rantse cewa ba ta ɗaga ƙafa ba, kuma ba wanda ya shigo sai wata tsohuwa mai neman maganin tari. Ta faɗi wannan sau uku, alhali sau ɗaya aka tambaye ta.

Da suka fito Sajan ya ce shi fa bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi irin wannan ba. Sufeto ya ce shi ma haka. Ɓarawon da ya bar zaki ya ɗauki barewa mai kumburi, ba waya ya zo sata ba, wani abu ya zo ɓoyewa.

Suka bi layin shago-shago. Tela bai ga kowa ba, amma da ya ji sunan wayar sai ya ajiye almakashi ya buɗe baki. Ya ce tasa ta taɓa mutuwa yana tsakiyar karɓar awon amarya, ya yanka yadin mutane ba daidai ba, har yau matar ba ta gaishe shi. Mai aski ya ce tasa ƙona masa cinya take yi a aljihu. Mai sayar da gilashin ido ta ce ita ta rubuta wa kamfanin zagi mai shafi biyu. Duk ukun sun koma zaki, kuma duk ukun sun yi Allah wadai da barewa da duk wanda ya ƙera ta.

"Tun farko haka take yi maka?" Sufeto ya tambayi Tela.

"A'a. Shekara guda lafiya lau. Sai bayan da gilashinta ya fashe."

"Ina ka kai gyara?"

"Wajen Injiniya mana, nan ƙarshen layi. Mutumin kirki. Shi ya ba ni shawara na canja, ya ma karɓi tsohuwar ya rage mini wani abu, ko da yake ya ce bola ce."

Mai aski ramin caji ya kai gyara, mai gilashi kuma lasifika. Duka wajen Injiniya, kuma duka shi ya karɓi tsofaffin.

Sufeto ya ciro wayarsa zai kira ofis, ya tarar ta mutu. Ya tsaya a tsakiyar titi yana kallon baƙin gilashin. Gilashin sabo ne. Wata huɗu da 'yan kwanaki da suka wuce ya yar da ita a matakalar kotu, ya ba Sajan ya kai gyara.

"Sajan, ina ka kai wayata?"

Sajan ya sosa ƙeya, ya nuna ƙarshen layi da haɓa.

Shagon Injiniya ya fi kowane shago haske a layin. Sababbin wayoyi masu zaki sun cika gilashin gaba, a ciki kuma ga teburin aiki da fitila mai lanƙwasa, da ƙananan sukudireba jere kamar allurai. Igiyoyin caja suna rataye a ƙusa, kowace an naɗe ta zagaye-zagaye an soke bakinta a tsakiya. A ƙarƙashin teburin akwai jan bokiti cike da yashi.

Injiniya saurayi ne mai fara'a da zaƙin baki. Ya kawo kujera, ya goge ta da hannun rigarsa.

"Ka san mai magani?"

"Ai yayata ce, ranka ya daɗe. Kowa ya san ina neman ƙanwarta."

"Ka taɓa gyara mata waya?"

"Ramin caji, tun bara. Daga nan ban sake ganin wayar da idona ba."

"Yau ka shiga shagonta?"

"Ko ƙofa ban leƙa ba. Amma tsakani da Allah, wa zai saci waya mai kumburarren batir? Ai ko kyauta aka ba ni, sai na yi tunani."

"Wancan bokitin fa?"

Injiniya ya yi bayani da jin daɗin mai sana'a. Ya ce batir idan ya kumbura yana iya kamawa da wuta, don haka duk mai gyaran da ya san aikinsa a yashi yake binne shi. Sufeto ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya fita. A waje ya ce wa Sajan ya tsaya a bakin ƙofa, ko kuda kada ya bari ya fita da wani abu.

Ya aika a karɓo takardar izinin bincike, shi kuma ya koma shagon magani, ya tsaya gaban Auta.

"Jiya da yamma wayar ta kumbura. Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa."

"To aljani ne ya faɗa wa Injiniya? Yanzun nan ya gaya mini."

Auta ta dubi yayarta, sai hawaye. Ta ce jiya suna hira ta ba shi labari, har ta ce Yaya za ta kai wa kamfani jibi. Yau da rana ya shigo, ya ce kansa na ciwo, ta je ta sayo masa ruwan sanyi ya sha magani, shi zai tsare shagon. Minti biyar ta yi. Da wayar ta ɓace ta kira shi, ya ce idan ta ambaci sunansa 'yan sanda za su ɓata masa suna, maganar aure kuma ta lalace.

"Kin san abin da ke cikin wayar nan," in ji yayar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kina gani yarinyar nan tana kuka, kika yi shiru."



Ƙarfe biyar saura Sufeto ya koma shagon Injiniya da takarda, tare da mai maganin da Auta. Rabin layin ya biyo su, don ba a kiran mutane kallon abin kunya, da kansu suke zuwa. Sajan ya naɗe hannun riga ya tura hannu cikin yashi. Bai kai gwiwar hannu ba ya fito da ita, an nannaɗe ta a ledar magani.

Injiniya ya ce shi taimako ya yi. Ya ga an jona kumburarriyar waya a wuta, ya ji tsoron gobara, ya ɗauke, kunya ce ta hana shi faɗa. Har wasu a bakin ƙofa suka fara gyaɗa kai, domin bakin yaron nan zai iya sayar wa kifi ruwa.

"Buɗe durowar ƙasa," in ji Sufeto.

"Tarkace ne kawai."

"Buɗe."

Batura ne a ciki, sun fi ashirin, a jere tsaf, duka na asali masu tambarin barewa. Kowane an manna masa farar takarda an yi rubutu da biro, kamar yadda masu gyara ke yi wa kayan mutane don kada su cakuɗe. Sufeto ya riƙa ɗagawa yana karantawa da ƙarfi. Direban asibiti. Malamar lissafi. Mai wanki. Mai magani.

Ya ɗaga na gaba, ya yi shiru. Sajan ya leƙa ta kafaɗarsa, ya karanta wa jama'a: "Sufeto."

Daga nan Injiniya ya zauna a ƙasa, maganar ta zubo. Duk wanda ya kawo barewa gyara, ko na mene ne, sai ya cire batirinta mai kyau ya sa na jabu. Wata ɗaya ko biyu wayar ta fara hauka. Mai ita ya dawo yana zagin kamfani, shi kuma ya taya shi zagi, ya sayar masa da zaki, ya karɓi tsohuwar a matsayin bola. Sai ya mayar mata da batirinta, ta tashi garau, ya kai wata kasuwa ya sayar. Sunayen kuwa don kowace waya ta koma da nata ne idan ta dawo hannunsa. Ta mai magani ce ta ƙi dawowa. Da kamfani ya buɗe ta gobe, da ya ga batirin ba nasa ba ne, kuma hannu ɗaya ne ya taɓa buɗe ta.

"Wallahi ban yi niyyar cutar da Yaya ba."

"Kada ka sake kira na Yaya," in ji mai maganin.

Tela ya yi kukan kura zai shiga, Sajan ya tare shi. Mai gilashi tana ta salati, tana tuna shafi biyun da ta rubuta wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Sufeto kansa ya fusata. Wata uku yana zagin bayin Allah a wata ƙasa, ashe mai laifin yana bayan ofishinsa, yana goge masa kujera. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yaron ya san abin da ke cikin wayar, ya ci abinci a gidan, ya ga marainiyar, ya kuma binne muryar ubanta a yashi.

Sajan ya ciro ankwa. Sufeto ya ce ya dakata.

"Tashi ka zauna a teburinka. Mayar mata da batirinta, ina kallon hannunka."

Injiniya ya iya aikinsa, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya ciro kumburarren a hankali ya tura cikin yashi, ya ɓare takardar da ke jikin na asalin, ya sa, ya rufe. Da aka jona ta, barewar ta bayyana a gilashi, wayar ta tashi kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Matar ta karɓa da hannu biyu. Ta nemo saƙon, ta taɓa. Wayar ba ta mutu ba. Muryar namiji ta fito, da ƙarar motoci a bayanta:

"Likita, kin bar makullin shago a aljihuna. Kada ki fasa ƙofar mutane, ga ni nan na juyo. Ki ce wa 'yar gidana ban manta da alkawarinta ba."

Ta ciro sabuwar wayar daga aljihun farar rigarta, ta kunna ɗaukar murya, ta sake taɓa saƙon. Sai da ta ɗauka sau biyu sannan ta share fuskarta.

Sajan ya sa wa Injiniya ankwa. Da aka fito da shi ya nemi idon Auta a cikin jama'a. Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a kan gilashin sababbin wayoyinsa, ta bi bayan yayarta.

A hanya Sajan, ɗauke da durowar, ya ce ko a ciro wa Oga nasa batirin tun yanzu, tunda ga shi da suna.

"Shaida ce," in ji Sufeto. "Sai alƙali ya gama da ita."

Ya taɓa matacciyar wayar a aljihunsa, ya tura ƙeyar Injiniya gaba.