Kalmar Sirrin Auta

Ranar wata Alhamis ce, an tashi daga aiki, rana ta yi ja a gilashin tagogi. Inna mai shara ta gama goge bene na biyu, ta ɗauki bokiti da mofa za ta kai ma'ajiya, sai ta ce bari ta leƙa Auta su tafi gida tare.

Auta 'yarta ce, ita ke kula da kwamfutocin ofishin, wata huɗu ke nan da ɗaukarta. Shekara goma sha shida Inna tana share ginin nan, da tsintsiya ta yi wa yarinyar karatu. Saboda haka duk wanda ya harari Auta, to Inna ya taɓo.

Ta same ta zaune shiru, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar allon kwamfuta.

"Har yanzu abin nan ne?"

Auta ba ta amsa ba sai da zoben ya ɓace. Sannan ta yi ajiyar zuciya kamar wadda aka tsamo daga ruwa.

"Shi ne, Inna."

Abin da ke faruwa, kowa a ofis in ya danna sunansa da kalmar sirrinsa, nan take kwamfuta ke buɗe masa. Amma mai babban mabuɗi, wanda suke ce wa admin, mai ikon shiga ko'ina ya yi gyara, shi sai ya zauna jira kamar mai layin asibiti. Auta ta canza waya, ta canza kwamfuta, ta canza kalmar sirri har sau biyu. A banza. Manaja kuwa ya ce in Litinin ta yi ba a gyara ba, zai nemo wanda ya iya.

Ba maganar Manaja ce ke hana Inna barci ba. Yarinyar ce. Muddin zoben nan na juyawa, Auta ba ta ƙifta ido. Ka taɓa hannunta, sanyi ƙalau. Shekaranjiya ma a gida gishiri ta zuba a shayi, ta shanye tas ba ta ji ba.

"Na gano wani abu," in ji Auta a hankali. "Duk sanda zan shiga, kwamfutata sai ta kira wata mai lamba arba'in da ɗaya, ta tsaya jiranta. Mu kuwa arba'in gare mu cif."

"To ina ta arba'in da ɗayan?"

"Ita nake nema. Kuma jiran raguwa yake yi. Da minti tara ne. Jiya huɗu. Yau biyu. Ni kuwa ban gyara komai ba."

Inna ta taɓe baki. Ita tuni zuciyarta ta ba ta mai laifi: Dogo. Shi ke riƙe da babban mabuɗin kafin zuwan Auta, kuma da kansa ya miƙa mata shi yana washe baki, ya koma canza ƙwan fitila. Wa zai bar kujera mai laushi ya koma hawan tsani, in ba da wata a ƙasa ba? Kuma ta san wata shuɗiyar waya da kullum take sarƙe mata mofa a bayan ma'ajiya, ta bi bango ta shige ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ƙasa, inda ake jibge matattun kaya.

"Bari in sake gwadawa sau ɗaya mu tafi," in ji Auta.

"Gwada. Ni zan aje bokiti."

Ba ta gaya mata inda za ta ba. Makullan ginin suna ƙugunta.

A kan matakala ta ci karo da Dogo, jaka a kafaɗa, yana sauri.

"Inna, ba a tashi ba? Ko Manaja ya ƙara miki bene?"

"Bakinka ya fi tsaninka tsawo. Me ka ɓoye a ɗakin ƙasa, ɗan nan?"

Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya waiga sama, ya waiga ƙasa.

"Ni na cire mata wuta da hannuna," ya ce cikin raɗa. "Shekara biyu ke nan. Amma ba ta mutu ba."

"Wa?"

"Tsohuwar kwamfutar da ke can. Abin da ke cikinta koyo yake yi, Inna. In ka danna, sai ya bi ka yana dannawa, harafi bayan harafi. Jiran ke nan. Ni na saki mabuɗin kafin ya iya kalmar sirrina."

"Ka saki a hannun 'yata?"

Ya bi ta gefenta ya sauka da gudu, ta ji ƙofar waje ta bugu.

Inna ta tsaya. Ƙarya yake yi, ta ce a ranta. So yake kada ta ga abin da ya ƙulla. Ta aje bokiti, ta riƙe mofa, ta sauka.

Fitilar matakalar ƙasa ta daɗe da mutuwa. Iskar wurin nauyi gare ta. Warin ƙonanniyar roba, da wani ƙarni kamar na jiƙaƙƙen gashin akuya.

Ta sa makulli. Ƙofar ta buɗe ba ko ƙara, kamar wadda ake buɗewa kullum.

Ƙura ta rufe komai: karyayyun kujeru, tsofaffin fankoki, kwalaye. Sai teburi ɗaya a lungu, fes, ya fi wanda ta goge wa Manaja. A kansa wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya.

Allonta na haske.

Wayar wutarta kuwa ga ta a ƙasa, a naɗe, bakinta ya yi tsatsa. Shuɗiyar kaɗai ke maƙale a bayanta.

Inna ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta san sunan da ta raɗa wa 'yarta. Shi ne a rubuce a allon. A ƙarƙashinsa wani ɗan fili fari.

Ba kowa a kujerar da ke gaban teburin. Amma katifarta a lotse take.

Ƙas.

Maɓalli ɗaya ya nutse da kansa. Ɗigo ya fito a filin.

Ƙas. Ƙas.

Ta ji numfashi. Ba nata ba. Ga kuma wata siririyar murya tana gunguni, irin na mai haddar karatu.

Huɗu. Biyar. Bakinta ke ƙirga ɗigon.

Daga sama, can nesa, ta ji kujerar Auta ta faɗi.

Shida. Bakwai.

"Inna," muryar ta ce, ba tare da dannawa ta tsaya ba. Muryar Auta ce, sai dai ba ta gama nuna ba. "Saura kaɗan mu tafi gida."

Takwas.

Addu'a ta ƙwace daga bakinta. Ta zura sandar mofa ƙarƙashin shuɗiyar wayar, ta naɗe sau biyu.

Tara. Goma.

Kujerar ta fara juyowa.

Ta fizga da duk ƙarfin da ya rage mata.

Ƙas.

Wayar ta tsinke. Duhu ya rufe ɗakin.

Wani abu mai zafi ya cafke mayafinta. Ta sakar masa. Ta haye matakala da hannu da gwiwa, takalmi ɗaya, ba ta waiga ba.

Ta tarar da Auta a ƙasa kusa da teburinta, ido a buɗe. Ta girgiza ta, ta watsa mata ruwa, ta kira ta har muryarta ta dishe. Can yarinyar ta ƙifta ido.

"Inna? Ina mayafinki?"

Litinin na yi, babban mabuɗi ya buɗe kafin a ɗauke hannu. Manaja ya yaba wa Auta a gaban kowa. Dogo bai sake zuwa aiki ba, aka ce ya bar gari. Ɗakin ƙasa kuwa Inna ta sa kafinta ya danƙara masa ƙusoshi.

Auta tana ci, tana dariya, tana tsokanar yayyenta kamar da. Sai dai Inna ta zama mai kallo. Tana kallon yadda take tauna abinci, yadda take ɗaura ɗankwali, yadda take zama ta zuba wa bango ido tana murmushi.

Ta yi sati uku tana juya tambayar a ciki. Wata yamma suna tsintar shinkafa a tsakar gida, ta daure ta ce:

"Auta, kalmar sirrin nan taki ta ranar, harafi nawa ne?"

"Goma ne, Inna. Sai ki danna babban maɓalli, ki shige."

Inna ta sake ƙirgawa a yatsunta, a ɓoye ƙarƙashin faranti. Dannawa goma sha ɗaya ta ji a ɗakin ƙasa, ta ƙarshen kafin wayar ta tsinke.

"Me ya sa kika tambaya?" in ji Auta, tana kallonta ba ƙiftawa.

"Ba komai, 'yar nan," in ji Inna. Ta ɗan ja farantin zuwa gefenta.