Ranar da Malam Nomau Ya Share Hanya

"To wa ya ce ki sa naki gaba da nawa?" in ji Malam Nomau.

"Maigida, masu masaƙa ne suka ce," in ji Barira. "Kuma ai naka yana nan, shi ne na biyu."

Na biyu! Gara ma a ce zaginsa ta yi.

Ku da ba ku taɓa hawa Funtuwa ta Sama ba, ku matso ku ji. Can a ƙololuwar bene akwai wata masaƙa inda inji ke yi wa manyan riguna aiki, allurai suna ta rawa ba hannun kowa. Sai dai injin bai san aska takwas ba sai da tafinta, wata manhaja mai juya zanen ɗan Adam zuwa yaren ƙarfe. Kuma duk girman kansa, bai san inda aka ajiye komai a cikinsa ba. Jerin hanyoyi ake rubuta masa, ya bi ɗaki ɗaki kamar baƙo mai neman gidan biki. Tafintan da ya fara cin karo da shi, shi zai ɗauka, kuma sunan mai shi ake ɗinkawa a wuyan riga.

Tun Barira na goye sunan Nomau ke wuyan rigunan garin nan. Shi ya koya mata aikin. Yau ga shi ta rubuta nata tafintan, har a masallacin Juma'a ya ga wani Alhaji ya juyo wuyan rigarsa yana nuna wa jama'a sunanta. Ranar ko tuwo bai ci ba.

"Matsa!" Ya fizge allon rubutu.

"In gaba kake so, Maigida, ƙara naka za ka yi a sama. Kada ka taɓa sauran."

"Ke! Tun uwarki na tallan gyaɗa nake wannan aiki."

Ya fa san gaskiyarta. Amma ko a na biyun ba ya son ganin sunanta. Ya shafe jerin kakaf, ya rubuta hanyarsa ita kaɗai.

Nan take inji ya samo tafintansa, NOMAU ya fito ɓaro-ɓaro a allo. Dattijo ya gyara hula.

Sai inji ya nemi manhaja mai juya allura: ba a samu ba. Mai jan zare: ba a samu ba. Allurai suka ƙame a cikin rigunan Sallar mutane. Ya yi wuf zai gyara, ashe abin gyaran ma ya share hanyarsa.

"Barira… 'yata, kin tuna yadda jerin yake?"

Ta yafa gyalenta. "Ga ka nan na ɗaya, Maigida. Babu ma na biyu."

Ƙofar masaƙar a da ita ke buɗe kanta, har ta ce wa mutum a sauka lafiya. Yanzu ita ma an ɓatar mata da hanya. Barira ta sa kafaɗa ta ture ta, ta fice, ta jawo ta da hannu biyu, garam!