Garin Alkama a Kan Inji

Ku ajiye wayoyin nan, 'ya'yana, ku saurara.

A da can, wani mutum ya gaji tsohuwar motar mahaifinsa. Kullum da safe sai ya tarar baƙin mai ya ɗiga ƙarƙashinta. Maƙwabta suka ce, "Sayar da ita kafin injin ya buga!" Ya ƙi.

Ya wanke injin tas, ya barbaɗe shi da garin alkamar matarsa, ya tayar, ya zuba ido. Sai ga baƙin layi siriri daga wani noti da ya saki. Ya ɗaure, yoyo ya tsaya.

Yana rawa, matar ta fito. "Malam, garin funkasauna ne ya gyara ta. Rabin motar nawa ne!"

"Haƙurina dai, Uwani!"

To, ku raba musu gardama.