Kwamfutar da Ke Zaɓar Ranar Tashi

Ƙarfe goma na safiyar Laraba Likita, shugaban wani asibiti, ya shigo caji ofis da kansa, farin kwali a hannunsa, wani tsoho na biye da shi. Ya dire kwalin a kan kanta ya buɗe. Wayam, babu komai a ciki.

"Irinsa tara, har da wannan, muka samu a ƙuryar sito," in ji shi. "Allurar kashe zafi ce, mai ƙarfin nan da ba ta fita sai da sa hannuna. Makullin sito ɗaya ne tak, ga mai riƙe da shi nan."

Sufeto ta dubi tsohon. Baba Sito ake ce masa a asibitin, shekara ashirin da biyu yana aikin, saura wata biyu ya yi ritaya. Ya tsaya riƙe da hularsa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Baba, makullin nan yana barin jikinka?"

"Ko banɗaki da shi nake shiga, 'yata. Yana aljihun kwat ɗina."

"To ina allurar?"

"Allah ne masani."

Allah masani ne, amma alƙali takarda yake karantawa. Oga, shugaban caji ofis ɗin, ya leƙo daga ofishinsa, ya ce magana ta ƙare tun kafin a fara ta: a sa tsoho a bayan kanta, ranar Juma'a ƙarfe goma a kai shi kotu. Sufeto ta ce to. Ta san mai irin shekarun nan idan ya shiga gidan yari da sunan ɓarawon magani, ko ya fito sunansa ba zai fito ba.

Washegari ita da Saje suka je asibitin. Ɗan ƙarami ne, na yini, ana rufewa ƙarfe shida a kashe komai. Abu na farko da ta gani shi ne kamara a saman bango, ta zuba wa ƙofar sito ido.

"Ga shaida zaune, me ya kai mu wahala?" in ji Saje.

Sakatariya ta yi dariyar yaƙe. Ta kai su ofishinta, ta nuna wata baƙar kwamfutar tebur a ƙarƙashin teburin. Ita ce ke ajiye hotunan kamarar, kuma sai an kunna ta kamarar ke da amfani.

"Aljanu gare ta, ranki ya daɗe. Wata rana ina dannawa ta tashi lafiya lau. Wata rana fanka ta yi ta juyawa, allo baƙi ƙirin, ta yi ƙara sau uku ta yi shiru. In na je cin abincin rana na dawo na danna, sai ta tashi kamar ba ita ba."

"Sau nawa ta yi haka?"

"Ban ƙirga ba. Duk ranar dai ina kiran Mai Gyara."

Sufeto ta karɓi wayarta, ta bi jerin kiran da yatsa. A wata uku, an kira Mai Gyara da safe sau goma. Ta rubuta ranakun a littafinta. Ita ba ta san kan kwamfuta ba, ba ta kuma taɓa yin kamar ta sani ba, amma ta san ruwa ba ya tsami banza.

"Makullin ofishin nan fa?"

"Kullum yana jakata."

"Nuna min."

Sakatariya ta zazzage jakar a kan tebur: hoda, caja, katin rigakafin yara, alewa biyu. Ta sake lalubawa, gumi ya fara tsattsafo mata.

"Yana bayan tukunyar kashe gobara," ta ce a ƙarshe. "Sai na kai yara makaranta nake zuwa, shi ya sa nake barinsa saboda mai shara. Don Allah kada Likita ya ji."

"Wa ya san wurin?"

"Ban da Likita? Kowa."

Aka kira Mai Gyara, ya iso da jakarsa yana huci. Bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya ce sau goma yana zuwa, sau goma yana kwance ta ciki da bai, ya gwada akwatin wuta, ya canza waya, ya canza soket, komai lafiya.

"To kwance ta na sha ɗaya a gabana," in ji Sufeto.

Ya ɗora ta a kan tebur, ya kai sukudireba kan kusoshin murfin. Bai ko murɗa ba suka juya, a sake suke. Ya ɗan yi turus. Da ya zare murfin ya haska tocila, sai ya saki baki.

"Kai! Wane ɗan banzan ne ya yi wannan?"

Akwai wata siririyar sanda koriya a tsaye cikin raminta, wasu 'yan kunnuwan roba biyu ke riƙe ta gefe da gefe. Ɗaya ya karye. An ɗaure wurin da farar filasta, irin ta ɗaurin ciwo.

"Kai da ka kwance ta sau goma ba ka gan shi ba?"

Mai Gyara ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Hajiya, sau ɗaya na buɗe, ranar farko. Sauran kuwa kafin in iso ta tashi, sai in hure mata ƙura ta waje in tafi."

"Ranar farkon me ka samu?"

"Wannan sandar, ram muke ce mata, ita ce ta ɗan ɗago da kanta. Yakan faru. In ta ɗago ko da kaurin farce ne, kwamfuta ba za ta tashi ba, sai ƙara uku. Na danna ta ta zauna, shi ke nan."

"Sauran taran fa, ita ke ɗagowa ta koma da kanta?"

"Haba, ai ba ta da ƙafa. Hannu ke ɗaga ta, hannu ke mayarwa. Yawan buɗewar ne ma ya karya kunnen."

Goma a cire ta farko, saura tara. Kwali tara. Saje ya dubi Sufeto ya ce biri ya yi kama da mutum.

"Ranar da ka buɗe, wa ke wurin?"

"Sista Babba da Malamin Allura. Ɗayansu ya riƙe min tocila, har na yi masa bayani, amma wallahi ban tuna wane ba."

Sufeto ta duƙa kan filastar. Ba a yanka ta da almakashi ba, da hannu aka yage ta, bakinta duk zare. Ƙarshenta kuma an lanƙwasa shi ya zama ɗan kunne, yadda za a kama a ɗaga cikin sauƙi. Ta ɗauki hotonta, ta sa Saje ya ɓare ta a hankali ya saka a leda.

Sista Babba tana ɗakin ƙarin ruwa, tana ɗaure wa wata mata hannu. Almakashi na rataye a ƙugunta da igiya. Ta ja filasta, ta yanke ƙyas, ta shafe ta sumul.

"Ni na riƙe tocila? Da wane lokacin? Na leƙa ne in ce su rage surutu. Malam ne ya riƙe."

Malamin Allura yana ɗakin wankin ciwo, yana jera auduga. Dogo ne mai sanyin murya, rigarsa mai dogon hannu a rufe ruf har wuyan hannu. Marasa lafiya layi suke yi a ƙofarsa, wai allurarsa ba ta zafi.

"Sista ce ta riƙe, ranki ya daɗe. Ni ko kunna kwamfuta ban iya ba. Yaya jikin Baba? Don Allah a kula da shi, ba shi da lafiya."

Ɗayansu na ƙarya, amma ƙarya a kan tocila ba ta buɗe sito. Ko wane ne, ta ina ya sami makullin da ke aljihun tsoho? Da wannan tambayar Sufeto ta koma ofis da la'asar.

Kofur ya tare ta a bakin kanta, ya ce waɗanda ke tsare na ƙorafi, ƙafar tsohon nan tana wari. Ta sa aka fito da shi, aka ba shi benci. Ya cire safa da ƙyar. Ciwon suga ne ya buɗe masa gyambo a diddige, bandejin ya jiƙe ya yi rawaya.

Sufeto ta tsuguna. Filasta uku ke riƙe da bandejin, kowacce an yage ta da hannu, kowacce da ɗan kunne a ƙarshenta.

"Baba, wa ke wanke maka?"

"Ɗana, Malamin Allura. Kullum ƙarfe tara. Wata huɗu ke nan, ko sau ɗaya bai taɓa yamutsa fuska ba. 'Ya'yan cikina ma ba su yi min haka ba."

"Yaya yake yi?"

"Sai in kwanta a gadon, ya tsoma min ƙafar a ruwan ɗumi, ya ja labule ya ce in huta minti goma sha biyar."

"Da kwat ɗinka kake kwanciya?"

"A'a, yakan rataye min ita a bayan ƙofa, kada ta yamutse."

Ya faɗa, sai ya ji abin da ya faɗa. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"A'a, 'yata," ya ce. "Ba shi ba ne. Ki sake dubawa."

Ranar Juma'a ƙarfe tara saura kwata, motar kotu na jira, Sufeto ta ce wa Oga ba za ta kai mutum gaban alƙali da ruɓaɓɓiyar ƙafa ba. Suka biya da Baba Sito asibitin. Malamin Allura ya tarbe shi da hannu biyu, ya cire masa kwat ya rataye, ya kwantar da shi. Ya wanke ciwon a hankali, ya ɗora auduga, ya naɗa bandeji. Sufeto na zaune a kujera tana kallo, Saje ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ja filasta, ya yage da yatsu biyu, ya lanƙwasa ƙarshen da babban yatsa, ya manna. Ko kallon hannunsa bai yi ba. Sabo turken wawa.

"Me ya sa kake lanƙwasa ta?" in ji Sufeto.

"Don a sami wurin kamawa gobe, ko da safar hannu. Haka aka koya min."

"Sista ma haka take yi?"

"A'a, ita yankawa take."

Sufeto ta ciro ledar ta ajiye a kan tiren, kusa da almakashi da kwanon auduga.

"Wannan daga cikin kwamfuta muka ɓaro ta. Ban da ranar farko, safiya tara ta ƙi tashi, na duba jadawalin aiki, duk taran kai ne ka fara isowa. Kana ɗauko makullin ofis a bayan tukunyar kashe gobara, ka ɗaga sandar. Ƙarfe tara ka tsoma ƙafar Baba a ruwa, ka zare makullin sito daga kwat ɗinsa, kamara a makance. Sakatariya na fita cin abinci ka mayar da sandar. Ina allurar, wa kake kai wa?"

Malamin Allura ya dubi ledar, ya dubi ƙofa, ya ga Saje ya cika ta. Sai ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa ya naɗe har gwiwar hannu. Tabon allura ne jere, sabo da tsoho.

"Ba wanda nake kai wa. Tun tiyatar da aka yi min a gadon baya bara na kasa rabuwa da ita." Muryarsa ba ta canza ba. "Ranar da na riƙe tocilar nan na ga hanya. Na ce kwali ɗaya ne, daga shi ba ƙari."

"Da aka kama Baba fa?"

"Na ce tsoho ne, za a tausaya masa a sake shi."

"Ƙarfe goma yau za a karanta masa tuhuma. Ka sani?"

"Na sani."

Saje ya ciro ankwa. Malamin Allura ya ɗaga hannu ɗaya, saura filasta biyu bandejin ya kamu.

"Ranki ya daɗe, a bar ni in ƙarasa masa. In aka bar shi haka zai warware."

Sufeto ta miƙe tsaye. Ta dubi tsohon. Baba Sito ya yunƙura ya tashi zaune, hawaye na bin gemunsa. Ya kama ƙafar da hannu biyu ya janye ta zuwa jikinsa.

"Bar shi, Malam," ya ce. "A kira min Sista."

Saje ya ɗaura ankwar, ya tasa ƙeyarsa suka fita ta gaban masu jiran allura, waɗanda suka fara miƙewa suna gaishe shi.