Reshen Rumman na Ƙarshe

A wani zamani mai nisa, an yi wani tsoho mai bishiyar rumman, wadda babu irinta a duk garinsu. Da ya ga gara ta cinye gindinta, sai ya yanko rassa uku masu lafiya, ya kafa su a tukwane, ya kira jikarsa.

Ya ce, "Amaryata, tafiya ta kama ni. Ki riƙa ba su ruwa, ki bar su a inuwa. Idan suka mutu, rumman ya ƙare a garin nan."

Bayan tafiyarsa, bishiyar ta faɗi. Tsoro ya kama yarinyar. Ta ce a ranta, "Anya sun yi saiwa kuwa?" Ta tumɓuke na farko, ta duba, ta mayar. Reshen ya bushe. Tsoro ya ƙaru. Ta tumɓuke na biyu, ta duba, ta mayar. Shi ma ya bushe.

Na uku ya zubar da ganyensa, ya koma kamar tsinke. Kullum takan miƙa hannu, sai ta janye, ta zuba ruwa, ta gudu.

Ranar da tsohon ya dawo, ta tarye shi da kuka. "Kaka, na kashe biyu da dubawa. Na ukun kuwa ban san halin da yake ciki ba, domin ban taɓa shi ba."

Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya kankare ɓawon reshen da farce. Sai ga shi ɗanye, kore shar.

Ya ce, "Share hawayenki, sarauniyar bincike. Wannan da kika ƙyale, shi zai ba mu rumman ranar bikinki."