Wurin da Wada Ya Ƙi Shukawa

A daminar 1975, matuƙin jirgin feshin fara ya ɗauko hoton wasu gonaki gabas da Dungas, don abin da ya hango ya ɗaure masa kai. Daga sama, gero ya zana zobba kore shar, manya da ƙanana, kamar sawun ƙwarya a kan rairayi. Malaman gona suka ce kufan mutanen da ne: inda tsohon rami ya riƙe danshi, nan gero ke yin ƙarfi. Shekarun kufan nawa? Babu wanda ya iya faɗa.

Hoton ya yi ta yawo biro-biro, daga wannan ofis zuwa wancan, a Magariya har ya faɗo teburin Sufeto Zakari. Kowa zobban yake kallo yana riƙe baki. Shi kuwa Zakari mai bin diddigi ne, har abokan aiki na ce masa ya cika tone-tone kamar kaza. Idonsa ya tsaya kan wani ɗan tabo a tsakiyar babban zoben, dogo, siriri, launinsa daban. Ya tambayi malamin gona wa ke da wurin, aka ce Wada.

A bakin ƙofar ofishinsa, kamar kowace ranar kasuwa, Inna Tamu na zaune da ƙwaryarta. Ɗanta Dikko makiyayi ne. Shekarar fari ya ɓace tare da shanun da mutanen ƙauye suka ba shi kiwo. Aka sa masa suna ɓarawo, ita kuma aka hana ta rijiya. Tsohuwar ta bushe kamar kara, amma zuciyarta na nan tana ci.

"Sufeto, ɗana bai ci amana ba," in ji ta. "Wanda ya taɓa shi, ba zan mutu ba sai na ga ƙasƙancinsa."

"Inna, a ina ya kwana da shanu a ƙarshe?"

"Gonar Wada, da rani, don su zuba masa taki. Kar ka zargi Wada. Shi kaɗai ke aiko mini da gero. Ga shi ma a ƙwarya."

Zakari ya dubi geron, ya dubi hoton.

Ya fara da Barau, dillalin shanu, wanda ya rantse ya ga Dikko ya tsallaka Najeriya.

"Da idonka ka gan shi?"

"Da idona, ranka ya daɗe."

"Wace riga ce a jikinsa?"

Barau ya sosa ƙeya. "To... shanun dai na gani."

"Shanu ba sa kai kansu kasuwa. Wa ke kora su?"

"Wada. Ya ce Dikko ya yi gaba, shi taya shi yake."

"Kai kuma ka karɓi la'ada, ka haɗa da rantsuwa. Shiga mota."

Da hantsi suka isa gonar, da jandarma biyu da Inna Tamu. Daga ƙasa babu zobe, babu komai, gero ne kawai ya kai ƙirji. Wada ya tarbe su da fara'ar da ta yi yawa. Sufeto ya bi hoton, ya kutsa har tsakiya. Can ya tarar da wani fili tsawon mutum, ciyawa ta rufe shi, ko ƙwaya ba a shuka ba.

"Malam Wada, bayan yunwar da aka sha, manomi ke barin ƙasa haka?"

"Wurin iskokin mutanen da ne, ranka ya daɗe. Ba a taɓawa."

"Ka shuka gero a kan ganuwarsu da ɗakunansu, iskokin ba su yi fushi ba. Sai nan?"

Zakari ya miƙa masa hoton.

"Duba hoton. Mutanen da, komai nasu zagaye ne. Wannan kuwa kudu da arewa ya miƙe. In aka kwantar da mutum a nan kan damansa, ina zai fuskanta?"

Idon Wada ya juya gabas da kansa.

"A haƙa," in ji Sufeto.

Ba a yi nisa ba aka tarar da itatuwa a jere, yadda ake rufe kabari. A ƙarƙashinsu ƙasusuwa, fuska na kallon alƙibla, ƙoƙon kai a fashe. Inna Tamu ta durƙusa ta zaro wata laya daga wuyan. Ita ta ɗaura wa Dikko da hannunta. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kuka tayar wa Zakari da hankali.

Wada ya buɗe baki. "Shanunsa suka fasa mini rumbu, suka cinye abinci har da iri. Ba a jima ba yunwa ta ɗauke mini Hinda, 'yata. Shi kuma yana nan yana tatsar nono a gonata! Na ɗauki gatari na rama."

"Ka rama, ka sayar da shanun jama'a, ka liƙa wa gawa sata. To me ya sa ka yi masa kabari?"

"Musulmi ne, ranka ya daɗe. Ba zan yar da shi kamar jaki ba. Kuma ba a noma a kan kabari."

Jandarma ya sa masa ankwa. Mutanen ƙauye sun taru a bakin gona, waɗanda suka hana tsohuwa ruwa, kowa ya sunkuyar da kai.

"Ku ɗago ku dube ni!" in ji Inna Tamu. "Wada, faɗa musu da ƙarfi. Wane ne ɓarawo?"

"Ni ne."

"Geron da kake aiko mini, na ina ne?"

Wada gona ɗaya gare shi, wadda suke tsaye a cikinta, kowa ya sani.

Ta ɗaga ƙwaryar ta juye masa geron a ƙafa.

"Na ci ina sa maka albarka. Na janye ta. Kwashe abinka, za ka buƙace shi a kaso."

Sufeto Zakari bai hana ta ba. Sai da ƙwayar ƙarshe ta faɗi, sannan ya buɗe ƙofar mota.